Babur mai batir: daga ina ya fito, kuma me ake gani a jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwanan nan ina yawan jin labarin babur mai amfani da lantarki. Sabuwar ƙirƙira ce? Kuma me ke jan mutane gare shi alhali na fetur yana aiki lafiya lau? Ni dai a ganina abin da batir ke ja ba zai yi wani ƙarfin kirki ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsohon abu ne da ya daɗe yana jiran lokacinsa. Tun a 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir wanda injinsa ke cikin cibiyar ƙafar baya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da fetur ya yi wuya a Turai, kamfanin Socovel na Beljiyam ya ƙera babura masu batir ya sayar. Da man ya dawo sai aka yi watsi da su.

Abin da ya daƙile su duka batir ne. Na wancan zamani irin na dalma da ruwan asid ne, wanda ake tayar da mota da shi: ga nauyi, ga saurin ƙarewa. Sai a 1991 kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam kasuwa, kuma wayoyin hannu da kwamfutoci ne suka fara cin moriyarsa. Daga 2010 zuwa yau farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, shi ne ƙofa ta buɗe. An kafa Zero Motorcycles, kamfanin ƙera babura masu batir, a Kalifoniya a 2006. A 2019 Harley-Davidson, wanda duniya ta san shi da rugugin salansa, ya fitar da LiveWire mai batir, a shekarar kuma aka fara MotoE, gasar tseren babura masu batir.

Batun ƙarfi kuwa, a nan zatonka ya kauce. Injin fetur sai ya ɗauki wuta yake ba da ƙarfinsa sosai, shi ya sa ake buƙatar kuloci da giya: ka tashi da ta ɗaya, ka hau ta biyu, a hankali har ya miƙe. Injin lantarki tun daga tsaye yake sakin ƙarfin juyinsa. Mafi yawansu ba kuloci, ba canjin giya. Kana murɗa totur ya zabura, ba wata ƙara sai ɗan zuuu da sautin taya a kan kwalta. Shi ya sa ake gargaɗin sabon hawa ya murɗa a hankali. Mutum yana tsaye a danja babu kaɗawar inji a ƙarƙashinsa, babu zafi a ƙafa, har yakan manta cewa babur ɗin a kunne yake, kuma wannan mantuwar tana da haɗari.

Sai sauƙin ɗawainiya. Babu fulogi, babu kafireta, babu fistin, babu juyen baƙin mai. Taya da birki da sarƙa ko bel ne suka rage, birkin ma yana daɗewa a waɗanda injinsu ke mayar da wuta cikin batir idan an saki totur. Injin fetur yana zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin mai a zafi da hayaƙi, na lantarki kuwa yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa motsi. Nan ne arhar tafiyar take.

Amma kada a ruɗe ka. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam sau da dama, ko bayan an cire asarar inji. Mota tana da shimfiɗar da za a jera batir, babur ba shi da wannan fili. Ga kuma iska: idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Don haka cajin da zai wuni da kai a cikin gari zai iya ƙarewa da wuri a babbar hanya. Tanki minti biyu ne ya cika, caji a soket ɗin gida kuwa sa'o'i ne. Manyan babura masu tsada har yanzu suna fama a kasuwa. Kamfanin Energica na Italiya, wanda ya yi wa MotoE babura a shekarunta na farko, ya durƙushe a 2024.

A ganina nasarar gaske tana wurin ƙananan. A Sin kekuna da ƙananan babura masu batir sun haura miliyan 300, kuma hana baburan fetur shiga birane da yawa ya taimaka. A Taiwan, tun 2015 kamfanin Gogoro ya kauce wa jiran caji: ka tsaya a tasha, ka zare batirin da ya yi sanyi, ka zura cikakke, ka wuce. Kamfanin Ampersand yana yin irin wannan da masu haya a Ruwanda. Mai zirga-zirgar kusa kullum, wanda kuɗin mai ke cinye masa riba, shi ne ya fi kowa amfana.

In kana tunanin saye, fara lissafa nisan da kake yi a rana da inda za ka riƙa caji. Sannan ka tambayi mai sayarwa irin batirin, shekarun garantinsa, da kuɗin sabo idan ya gaji, domin shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin. Zafi yana tsufar da shi, don haka kada a bar shi a rana, kada a jona shi da cajar da ba tasa ba, kuma kada a kwana ana cajinsa a bakin ƙofar da mutane za su fita idan wuta ta tashi.