Me ya sa kiɗana yake tuntuɓe duk sanda lufa ta zagayo?

Tambaya: Salam malam. Na kai shekara ɗaya da rabi ina koyon jita, kwanan nan yayana ya kawo min fedal ɗin lufa, wato na'urar da ake takawa ta ɗauki kiɗa ta yi ta maimaita shi, Ditto ta kamfanin TC Electronic. Matsalar duk sanda na ɗauki kiɗa, in ya zagayo farko sai naji kamar ya yi tuntuɓe, wani lokacin ma ɗan shiru ne a tsakani. Fedal ɗin ne ya lalace ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, fedal ɗinka lafiyarsa ƙalau, ƙafarka ce ba ta gama koyon aikinta ba, kuma duk wanda ka gani yana lufa yau da wannan tuntuɓen ya fara.

Ditto ɗin nan tun 2013 ta fito, maɓalli ɗaya ne da ita na takawa sai abin murɗa ƙara, tana ɗaukar har minti 5. Ka taka ta fara ɗauka, ka sake takawa ta fara maimaitawa, ka ƙara takawa ta ɗora sabon kiɗa kan na farko, taku biyu da sauri ta tsaya. Toh amma ita ba ta san lissafin kiɗa ba sam, ba ta gyara maka komai, daga inda ƙafarka ta sauka zuwa inda ta sake sauka shi kenan abin da za ta yi ta juyawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum yana ƙirga 1, 2, 3, 4, da ya kai 4 na ƙarshe sai ya tsayar da hannu sannan ya taka. In ya yi gaggawa ya yanke wutsiyar bugun, in ya yi jinkiri ga shirun nan da kake ji. Takun rufewa ba a kan 4 yake ba, a kan 1 na zagaye mai zuwa yake, daidai lokacin da hannunka zai sake sauka kan tsirkiya kamar za ka ci gaba da kiɗan. Kuma ka ci gaba ɗin da gaske, kar hannu ya tsaya, ka buga wannan 1 ɗin tare da takun. Haka wajen buɗewa, kar ka taka sannan ka fara kiɗa, ka fara kiɗan tukuna ya zagaya sau biyu jikinka ya ɗauka, kana buga diddige a ƙasa, sannan ka taka a kan 1.

Ni abin da nake sa ɗalibaina a satin farko, ko kod ɗaya, wato haɗin tsirkiyoyin da ake dannawa tare, ba sa kamawa. Hannun hagu a shimfiɗe kan tsirkiyoyi ya kashe sautinsu, na dama yana ta cak cak cak cak, bugu huɗu kawai, a ɗauka a saurara a goge, a sake. Sau ashirin talatin a zama ɗaya. Ranar da ka rufe ido ka kasa gane inda aka ɗinke, toh ka wuce wajen, sai ka koma kod biyu, misali Am da G.

Wani abu kuma, kar ka bar metronom, na'urar nan mai ƙirga bugu, yana tafiya bayan ka rufe lufa kana tsammanin za su jera. A gudun bugu 80 a minti, bugu 16 daƙiƙa 12 ne cif, in ka makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kunne ba zai damu ba a zagaye ɗaya, amma bayan zagaye goma kun rabu da daƙiƙa guda cur. Ka ɗauka da metronom, kana rufewa ka kashe shi. Wanda yake son ganga a ciki sai lufa irin su Boss RC-5 mai ɗauke da nata kiɗan gangar.

Wajen jona wayoyi ka sa lufa ita ce ta ƙarshe kafin amfilifaya, kuma amfilifayar ta zauna a sauti mai tsabta, in ba haka ba kana kunna distoshan, abin da ke sa sauti ya yi kaushi, don solo har kiɗan da ka ɗauka zai cakuɗe. Ita ƙaramar Ditto ba ta cin batir, adafta mai bolt 9 take so, irin ta fedal mai nagatif a tsakiya, don Allah kar ka soka mata ta rediyo don kawai bakin ya shiga.

Sannan kar ka ruɗu da ɗora kiɗa hawa biyar shida, wallahi kunu yake zama. Amfaninta babba a wajen mai koyo shi ne ta ba ka abokin kiɗa da ba ya gajiya. Ka saurari masu jitar Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar, sau da yawa mai jitar baya kod ɗaya ko biyu yake riƙewa tsawon waƙa na gaba yana yawo a kai. Ka ɗauki Am ɗinka, ka rage mata ƙara kaɗan, ka bi sikelin fentatonik, wato jerin sautuka biyar, a firet na 5, gaɓa ta biyar a wuyan jitar, a hankali, minti goma sha biyar kullum. In ka gama ka ajiye jitar a cinya ka saurari abin da ka ɗauka sau uku, nan za ka ji inda kake sauri da kod ɗin da yatsanka bai danne da kyau ba.