Amsar Baffa Kan Layya, Kayan Sallah da Nauyin da Ya Hana Ka Barci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ɗana, saƙonka ya iso gare ni, kuma na karanta shi a natse. Ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka ce tun da watan Zulƙida ya kama barci ya ƙaurace wa idonka, domin lissafin ragon layya, da ɗinkin iyali, da kuɗin motar zuwa Zariya daga Abuja, da goron sallar yara, da abin da za ka riƙa wa surukanka ya fi ƙarfin albashinka, har wani abokin aikinka ya ba ka shawarar ka ci bashi a manhajar waya. Ka tambaye ni wanne ne dole a al'adarmu, wanne kuma za ka iya bari ba tare da ka zubar da mutuncin gidan nan ba, tunda kai ne babba bayan rasuwar Yaya, Allah ya jiƙansa da rahama.

Abubuwan da ka jera ba matsayinsu ɗaya ba. A cikinsu akwai abin da addini ya nema, akwai kyakkyawar al'ada da muka gada, akwai kuma gasar da mutanen wannan zamani suka ƙirƙiro suka laƙaba mata sunan al'ada. Idan ka duba da kyau, za ka tarar mafi yawan abin da yake hana ka runtsawa daga kashi na ukun yake.

Bari in fara da layya, tunda ita ce ta fi cin kuɗi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, kuma malamai sun bayyana ikon da cewa kuɗin dabbar kada ya kasance abin da mutum yake bukata don larurorin gidansa na shekarar. Wanda idan ya sayi rago kuɗin haya zai gagare shi, ko kuɗin makarantar yara, ko hatsin da za a ci, to layya ba ta hau kansa ba, kuma babu zunubi ko abin kunya a kansa. An ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara musu yarda, sun kasance suna barin layya don gudun kada mutane su ɗauka farilla ce. Aya ta 37 a Suratul Hajji kuma ta faɗa mana cewa naman da jinin ba su ne suke isa ga Allah ba, tsoron Allah da ke zuciyar mai yankan shi ne yake isa. Saboda haka maganar bashin manhaja ka ajiye ta gaba ɗaya. Bashi ne mai ruwa, kuma ba hankali ba ne mutum ya shiga riba, wadda haramun ce, don ya cika sunna. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba, kuma na ga magidantan da naman layyarsu ya ƙare tun kafin Muharram amma masu bin bashi suna kiran wayarsu da ta 'yan'uwansu har bayan Mauludi.

Idan kuma da ɗan hali, ka sani shari'a ba ta ce sai ƙaton Balami ko Uda mai murɗaɗɗen ƙaho ba. Rago ne ya fi falala, amma tunkiya ta isa, bunsuru ko akuya ma sun isa, matuƙar dabbar ta kai shekarun da aka gindaya kuma ba ta da aibi bayyananne kamar makantar ido ɗaya, ko gurguntaka, ko cuta, ko ramar da ta wuce kima. Dabba ɗaya ta wadatar maka da waɗanda kake ciyarwa a ƙarƙashin rufinka idan ka sa su a cikin ladan. Kwanakin yanka kuma uku ne. Ranar farko, bayan liman ya yanka tasa, ita ce ta fi, amma wanda ya yanka a rana ta biyu ko ta uku da rana layyarsa ta inganta, kuma galibi farashi yakan sauka a kara bayan an sauko daga idi, domin fatake suna son su sayar su koma gida.

Akwai abin da nake so ka lura da shi game da mutanen da. Ba su fi ku kuɗi ba, amma ba sa haɗa nauyin Sallah su ɗora shi a kan wata ɗaya. Kakarka, Allah ya gafarta mata, takan sayi ɗan rago tun da watanni masu yawa, ta ɗaure shi a turke, ta riƙa ba shi dusa da harawa da kowar wake da ƙasarin da aka wanke tsaba, kafin Zulhajji ya zama abin kallo ba tare da an ji fitar kuɗin ba. Mata suna zuba adashi don kayan yara, maza kuma suna haɗa kuɗin watanda su sayi sa su raba nama. Watanda dai a Malikiyya nama ne kawai, ba a lissafa shi layya idan an yi tarayya a kuɗin dabbar, ko da yake wasu mazhabobin sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan saniya ɗaya. Ka ga al'adar da kake jin ta danne ka ta zo da dabarun sauƙaƙa kanta, mu ne muka riƙe shagalin muka saki tanadin. Daga bana ka fara ware wani abu kowane wata, ka aiko a saya maka ɗan rago a yi maka kiwonsa a nan gida.

Kada kuma ka zaci mutanen gida ba su san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma ragon da aka ɗauko daga Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela kafin ya isa Abuja an ɗora masa kuɗin hanya da ribar dillalai. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, naira 70,000, bai kai kuɗin matsakaicin rago a birni ba. Duk dattijon kirki a zuriyarmu ya san wannan, kuma wanda zai zarge ka don ba ka yanka ƙato ba, ko ka yanka sa ma zai sami abin faɗa.

Game da kayan Sallah, abin da sunna ta nema shi ne wanka da turare da sanya mafi kyawun tufafin da mutum yake da su, ba a ce sai sababbi ba. Al'ada ce ta kawo ɗinkin sabo, kuma al'ada ce mai kyau a wajen yara, domin farin cikin yaro ranar idi da sabuwar riga abu ne da bai kamata a hana shi ba idan da yadda za a yi. To a fara da su, sannan mai ɗakinka. Kai kuwa, shaddar da ka sa bara a wanke ta a kai bugu, babu wanda zai tare ka a filin idi ya tambaye ka yaushe aka ɗinka ta. Anko da kala uku-uku da ake yi don a ɗauki hoto a ɗora a waya, wannan gasa ce tsagwaronta. Duk abin da za a ɗinka kuma a kai wa tela da wuri, domin kwanan jajiberi a shagon tela ana cacar baki ya ɓata wa magidanta da yawa safiyar Sallah.

A cikin saƙonka ka lissafa kuɗi dalla-dalla, amma ba ka ambaci gajiyar iyalinka ba, kuma a nan nake so in ja hankalinka sosai. Namiji yana yanka ya feɗe ya rataye, sai ya wanke hannu ya tafi gaishe-gaishe, amma aikin mace a lokacin yake farawa. Ita ce da wankin kayan ciki, ita ce da babbakar kai da ƙafa, ita ce da tuwon Sallah da abincin baƙi, washegari kuma ta wuni a gaban wuta tana suya. A babban gida irin wanda ka tashi a cikinsa hannuwa suna da yawa, ga facaloli ga 'yan mata ga maƙwabta, ana aiki ana hira har a gama ba a sani ba. Ita kuwa taka ita kaɗai ce, ga goyo, kuma a irin zamanku na Abuja ba a shiga gidan juna. Ba adalci ba ne a nemi mace ɗaya ta yi aikin da mata biyar suke yi, sannan a ce al'ada ce. Ka zauna da ita tun yanzu ka faɗa mata gaskiyar abin da ke hannunka, ka kuma tambaye ta abin da za ta iya ɗauka. Mace takan yi haƙuri da rashi idan an yi shawara da ita, abin da yake ɓata mata rai shi ne ta ga miji yana fushi ba ta san dalili ba. Idan an yi yanka, ka raba mafi yawan naman ɗanye ga maƙwabta da mabuƙata, ladan ya ƙaru suya ta ragu. Ka ɗauki mahauci ka biya shi da kuɗi, domin ba a biyan ladan fiɗa da naman layya ko fatarta. Ka kuma ware mata yini guda ta je ta gaida iyayenta ta huta, domin ita ma Sallar tata ce.

Abu ɗaya da ba zan ce ka bari ba shi ne zuwa gaida mahaifiyarka. Da ka aiko mata da ƙaton rago kai kana can, gara ka zo da goro da turare ta gan ka ta ga jikokinta. Sai dai ba dole ne ka taso ranar jajiberi ba, lokacin da tasha take cika, kuɗin mota ya tashi, direbobi kuma suna gudun wuce sa'a don su yi sawu biyu. Ko ka taso da kwana biyu kafin nan, ko ka yi idi a can ka taho washegari da safe. Kada ka bi hanyar Abuja zuwa Kaduna da dare. Idan jirgin ƙasa za ku hau daga Idu zuwa Rigasa, ka nemi tikiti da wuri. Idan ka iso kuma kada ka ce sai ka zagaye dangi duka a yini ɗaya. Ko fadar Zazzau ba ta tattara bikinta a rana ɗaya ba, Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe kowanne da ranarsa. Ka fara da mahaifiyarka da dattawan gida, washegari surukai, sauran kuma kamar yadda ya sauwaƙa. Surukanka mutanen kirki ne, gaisuwa cikin ladabi da ɗan abin da ya samu ta ishe su.

Goron Sallah na yara ka yanke masa adadi tun kafin ka baro Abuja, ka canza shi zuwa ƙananan kuɗi, idan ya ƙare ka sa musu albarka. Masu kiran waya suna neman barka da Sallah kuma ka amsa musu da wuri cikin mutunci, ka ce bana babu hali, Allah ya hore. Kashe waya da ɓuya su ne suke jawo zargi, kuma suna ƙara wa mai yin su damuwa.

Kada lissafi ya cinye maka kwanaki goman farko na Zulhajji, waɗanda suke cikin mafifitan ranakun shekara. Ka yi azumin ranar Arfa idan kana da lafiya, ka kiyaye kabbarorin bayan sallolin farilla daga azahar ɗin ranar Sallah zuwa asubar rana ta huɗu, ka kuma ba jikinka haƙƙinsa na barci. Ka san hawan jini yana bin gidanmu, saboda haka ka yi hattara da soyayyen nama mai gishiri da kakide da lemon kwalba a kwanakin nan. Idan rashin barcin da faɗuwar gaba suka ci gaba bayan Sallah, ka je a auna jininka ka yi wa likita bayani, wannan ba raunin imani ba ne.

Saura maganar ragon mahaifiyarka, wanda na san shi ne ya fi tsaya maka a rai. Kasancewarka babba ba ya nufin kai kaɗai za ka ɗauki komai, yana nufin kai ne za ka tara ƙannenka ka tsara. Biyu daga cikinsu suna aiki yanzu. Ka kira su a wannan makon, kowa ya kawo abin da zai iya, ku ba ta kuɗin kyauta ya zama mallakinta, sai ta yi layyarta da shi, ta haka kun fita daga matsalar tarayya a kuɗin dabba. Ni ma zan sa nawa, kuma ni zan shiga kara da kaina in zaɓo mai lafiya daidai kuɗin da ya taru. Zan yi mata bayani tun kafin ku iso, don kada ka ji nauyin buɗe maganar. Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar ta tasowa kafin Juma'a mai zuwa, domin a gyara muku ɗaki.

Ka gaida iyalinka da yara. Allah ya kawo ku lafiya, ya yi muku albarka.

Wassalam,
Baffanka.