Me ya sa ƙ take komawa Æ™ idan an tura fayil?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tura wa abokin aikinka jerin sunayen ɗalibai, da ya buɗe sai "ƙaramar hukuma" ta koma "Æ™aramar hukuma", shi ne kake tambaya ko cuta ce ta shiga kwamfutarka. Kwantar da hankalinka, lafiyarta lau. Na yi shekaru ina tsara rubutun Hausa don bugawa, ba sau ɗaya ba sau biyu na sha wannan.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII da Amurkawa suka fito da shi a 1963, babban harafin A lambarsa 65. Gurbi 128 kacal tsarin yake da su, an cika su da haruffan Turanci da alƙaluma da alamomi, ba wanda ya tuna da masu ƙugiya irin namu. Sai a 1991 Unicode ya fito, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ ta samu 409, ɓ 595, ɗ 599, har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa ita ma tana ciki.

To, wajen adanawa a fayil ne ake samun saɓani. UTF-8, tsarin adana lambobin Unicode wanda shi ne ya mamaye intanet yanzu, yana ajiye harafin Turanci a bayit ɗaya (bayit ɗan gurbin ajiya ne a kwamfuta mai ɗaukar lamba guda), ƙ kuwa bayit biyu take ci, 198 da 153. Manhajar abokinka ba ta gane UTF-8 ba ne, sai ta karanta da tsohon tsarin Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. A can 198 shi ne Æ, 153 kuma ™. Ka ga ashe ƙ ɗinka ba ta je ko'ina ba, raba ta biyu aka yi. Duba da kyau, za ka tarar ɗ ta zama É da dogon karan ɗori.

Wannan mai sauƙi ce. Kada ya taɓa komai a ciki. Idan Excel ne, ya shigo da fayil ɗin ta sashen Data ya zaɓi UTF-8, ko kai ka sake adanawa da zaɓin "CSV UTF-8" ka tura masa.

Wadda nake tsoro ita ce alamar tambaya. Idan ka ga "?asa" a maimakon "ƙasa", to an adana ne da tsarin da ba shi da gurbin harafin, ya jefar da shi. Ƙasa da ɗasa duk sun zama abu ɗaya, babu manhajar da za ta raba su. Na taɓa yin kwana uku ina bin wani rubutu kalma-kalma saboda haka, tun daga nan nake ajiye kwafin asali kafin in canza komai. Ɗan akwati kuwa da kan fito a gurbin harafi ba ɓata ba ne, font ɗin ne, wato salon zanen haruffan, ba shi da zanen harafin. Canza shi zuwa Noto Sans ko Charis SIL ka gani.

Akwai kuma tsofaffin fayiloli da za ka ga "}asa", "]aya", "ha~aka". Waɗannan da font na Hausa na da aka rubuta su, inda aka ari gurbin alamomin baka irin su } da ], har da alamar ~, aka zana haruffa masu ƙugiya a kai. Dabara ce da ta yi mana rana a lokacinta, amma a idon kwamfuta baka ce har gobe, shi ya sa ko ka nemi "ƙasa" a ciki ba za ka samu ba. Maganinta nema da musanyawa, harafi bayan harafi.

Wasu za su ce ka bar ƙugiyar kawai ka huta. Ni dai ba na goyon baya, don kafa daban, ƙafa daban. A saƙon tes kaɗai nake ɗaga ƙafa, domin ƙ guda ɗaya tana mayar da saƙo mai cin harafi 160 zuwa 70, kati ya tafi a banza.

Gwada ka faɗa mana yadda ta kaya.