Wace ce ta fi wuya cikin manyan tseren keke uku?

Ɗan'uwa, ka tambayi wadda ta fi wahala tsakanin Giro ta Italiya, Tour ta Faransa da Vuelta ta Sifaniya, da kuma wanda zai iya lashe Tour mai zuwa. Kowacce zango 21 ce cikin mako uku, amma yanayinsu ya sha bamban. Ana yin Giro a watan Mayu, lokacin da sanyi bai saki manyan duwatsu ba, har takan kai a fasa hawan Stelvio saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Vuelta kuwa tana tafe da zafin Agusta da hawa mai tsananin tsayuwa irin na Angliru, inda za ka ga mahayi ya miƙe kan feda, keken yana rangaji hagu da dama. Duk da haka a ganina Tour ce ta fi, domin can kowace ƙungiya take kai zaratanta, gudu ba ya sassautawa ko a fili.

Game da hasashe, Tadej Pogačar ɗan Sloveniya nake sa wa ido, tunda ya lashe ta a 2020, 2021, 2024 da 2025. Wanda zai iya tare masa gaba shi ne Jonas Vingegaard ɗan Denmark, wanda ya doke shi a 2022 da 2023, musamman idan hawan ya yi tsawo.