Abin da ya sa filen ke yagar maɗaci

"Maigida, tun safe nake fama da falankin maɗacin nan da filen, abin askar katako. Na bi ta nan filen ya yage shi, na juyo ta can ya sake yagewa, alhali jiya a kan malaina lafiya lau. Kuma tun da Alhaji yana ta aike a kan ƙofarsa, me zai hana mu yi masa da katakon da aka sauke mana ranar Juma'ar Wudil?"

Ajiye filen ɗin, yaro, jawo benci. Ba hannunka ba ne, kuma kada ka ce filen ya tsufa, da shi na yi gadon auren yayarka.

Ɗaga falankin ka karkata shi wajen rana. Ka ga layi-layin nan da suka bi tsawonsa, wani ya yi duhu wani yana ƙyalli? Karkata shi ɗaya gefen. Ka ga mai duhun ya koma ƙyalli? To nan maganar take. Malaina jijiyarta a miƙe take, kamar karan dawa, in ka gane inda ta kwanta sai ka bi ta. Maɗaci kuwa da murɗe yake girma. Zai yi wasu shekaru jijiyarsa tana naɗewa ta dama, sai ya juya ya yi wasu tana naɗewa ta hagu, haka har ya tsufa. Da zarto ya ratsa gungumen, sai ka sami layi ɗaya ya kwanta gaba, na kusa da shi ya kwanta baya. Duk ta inda ka turo filen, rabin layukan kana shafa su, rabi kana tsefe su. Babu wata fuska da za ka biyo ka tsira.

Dabarar ita ce kada ka ba bakin filen damar shiga ƙarƙashin jijiya ya ɗago ta. Da farko wasa shi sai ya aske gashin hannunka, kuma ka san za ka koma kan dutse sau uku kafin ka gama abin da wasa ɗaya ke yi maka a malaina. Sannan ka ja bakin ya koma cikin filen, ya leƙo kaɗan ƙwarai, abin da yake fitarwa ya zama kamar ɓawon albasa. Ƙarfen da ke kwance a bayan bakin, ka matso da shi daf da kaifin, shi ne ke karya askin tun bai yi nisa ba. Ka riƙe filen a ɗan karkace, kada ka tura shi kai tsaye kamar mai tura baro. Inda ya ƙi duk da haka, bar shi. Nemo fasasshen gilashin taga ka kankare wurin a hankali, sannan samfefa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yar da gilashin da ya fashe ba, a gwangwani yake tara su.

Wannan murɗewar da ke ba ka wahala, ita ce kuɗin katakon. In ka shafa masa mai, layukan nan sai su fito kamar shadda, kuma jan nasa ƙaruwa yake yi da shekaru, ya koma kamar goron da aka tauna. Ita ce kuma ta sa ba ya tsagewa a miƙe. Masu faskare ba sa ƙaunarsa.

Ka kuma daina buga masa ƙusa haka kawai, na ga guda huɗu da ka lanƙwasa ka tura ƙarƙashin tebur. Huda tukuna, da abin hudar da bai kai kaurin ƙusar ba, musamman kusa da baki. Ƙofa kuwa ni ba na amincewa ƙusa ta riƙe ta: a fafe rami a katako ɗaya, a fitar wa ɗayan harshen da zai shiga ramin, a sa gam, sannan a soke da ɗan turken katako. In kana goga ka ɗaure hanci da ƙyalle. Za ka ji ɗacin garinsa a maƙogwaro, ba a banza aka ba shi sunan ba. Ɗan'uwan darbejiya ne, dangi ɗaya suke, shi ya sa ɗacin ya zo ɗaya. Don ɗacin nan ne da wuya ka ga maɗaci a bakin hanya da ba a sassaƙe masa ɓawo ba, kowa na jiƙawa don ciwon ciki da zazzaɓi.

Wani abu kuma, tun da wata rana kai zan aika. In ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka ce mahogani, galibi na kudu za a nuna maka, na kurmi. Su ma dangin maɗaci ne, amma a ruwa suka tashi, jikinsu ya fi laushi da sauƙi. Falanki uku na kudu kusan su ne nauyin biyu na namu. Na kudun ya fi daɗin aiki, ka yi kabad da shi ko kujerar falo ba laifi. Amma ƙofar zaure da za ta sha rana da bugun awaki, ko bencin masallaci, ko gadon da ake so jika ya gada, namu nake so. Kada dai ka kai shi rufi, nauyi ne da asarar kuɗi, kuma kada ka binne shi a ƙasa ka ce gara za ta ji tsoro. Jan cikin yana da juriya, amma aikin ƙasa na ƙirya ne, rufin soro kuwa azarar giginya. Farin da ke gefen falanki, na kusa da ɓawo, cire shi ka jefa murhu, ƙwaro yake kira. Mai sayarwa zai ce maka da an shafa kala shi ke nan. Ƙwaro ba ya ganin kala.

Yanzu ƙofar Alhaji. Je ka dafa katakon ranar Juma'a da bayan hannu. Ka ji sanyi? Ƙwanƙwasa shi, sannan ka ƙwanƙwasa wancan na kan rumfa. Ɗaya ya ce dum, ɗaya ya ce ƙwal. Na farkon cike yake da ruwa, bai fi mako biyu da faɗuwa ba. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu a nan tun yana ɗanye yake tanƙwara kansa, in ba ka danne shi ba. Katako ba ya raguwa a tsawo sai abin da ba a rasa ba, a faɗi yake tsukewa. Ina saurayi na yi wa wani ƙofar ɗakin amarya da ɗanyen maɗaci a ƙarshen damina, saboda biki ya matso. Ranar da na kafa ta ko allura ba za ta shiga tsakanin falankan ba. Hunturu na shigowa, sai ga tsagu kana zura yatsa, kusurwa ɗaya ta ɗage daga bango. Mutumin bai yi min faɗa ba. Gayyata ta ya yi cin tuwo, ya zaunar da ni ina fuskantar ƙofar.

Saboda haka jera shi za mu yi a inuwa, a ɗaga daga ƙasa kan bulo, a sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki, kowace a saitin ta ƙasanta, a ɗora duwatsu a sama. Bakunan biyu ka shafe su da ragowar fenti, don ta nan ruwa ke gudu, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Iskar hunturu kada ta buge shi kai tsaye, kare shi da zana; tana busar da fata ta bar ciki a jiƙe. Mai inci ɗaya ya ga rani guda cikakke, mai inci biyu ya ga biyu. Ko bayan ya bushe bai daina numfashi ba: ƙofar da ka yi a rani ka bar mata ɗan sarari, damina za ta kumbura ta. Allon tsakiyar ƙofar kuma ya zauna cikin kwarin da aka fafe masa ba gam, ya sami wurin motsi.

Kuma ka riƙa auna sau biyu kafin ka sa zarto. Da ina yaro, a bakin fadama ake zaɓar wanda za a sare. Yanzu sai an nausa kudancin Kano, wajen Falgore da gaba, waɗanda suka rage a nan Fulani sun sassare musu rassa don shanu. A 2022 ma an saka shi cikin itatuwan da ba a fitar da su ƙetare sai da takardar izini. Guntun da ka yanke ba daidai ba, shekarunsa sun fi naka.

In ɗan aiken Alhaji ya dawo, ka ce masa na kan rumfa zai yi ƙofa ɗaya, ta biyun sai bayan girbin baɗi. In ba zai jira ba, akwai mai walda a bakin tasha. Miƙo min dutsen wasa da ruwa in nuna maka yadda ake kwantar da bakin.