Filin Likita: Tun bom ɗin kasuwar Gombe maigidana bai dawo daidai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Maigidana yana da shago a babbar kasuwar Gombe, yana ciki ranar da bom ya tashi ana jajibirin ƙaramar sallah a 2015, Allah ya tsare shi ko ƙwarzane bai samu ba amma maƙwabcin shagonsa a gabansa ya cika. Tun daga nan wallahi ba shi ba ne, taya ta fashe ko yara su buga nokawut sai kaga ya zabura jiki na ɓari, da dare mugun mafarki da gumi, kasuwar ma ya bar wa ƙaninsa, ga faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. An yi ruƙiya an yi hayaƙi, wasu a danginsa na cewa iska ce wasu na cewa rashin tawakkali, wani ɗan kemis kuma yana ba shi Valium don ya samu barci. Hauka ce ke son kama shi?
Maman yara, Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba maigida lafiya, ke kuma sannu da haƙuri. Sai an zauna da shi a asibiti za a tabbatar, amma abin da kika lissafo ɗin nan kusan dukka alamomin ciwon firgici ne na bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Ba hauka ba ce, kuma tsohon ciwo ne, sojojin Ingila sun yi fama da shi a yaƙin duniya na ɗaya, sai dai bai shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da wannan sunan ba sai 1980, bayan an ga halin da sojojin da suka dawo daga Biyetnam suka shiga.

Toh ga abin da ke faruwa a kansa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi da ake ce wa amigdala, shi ne maigadin gida, da ya ji motsin haɗari zai busa usur tun kafin ke ki yi tunani, nan take sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki ya watsu a jini, zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Joseph LeDoux, ya daɗe yana bin wannan hanyar a kan ɓeraye a Jami'ar New York, ya nuna da wannan gurbin ake koyon tsoro. Akwai kuma gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, wanda aikinsa ya ce kai maigadi kwantar da hankalinka taya ce kawai. A hotunan ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo an sha ganin amigdala na aiki fiye da ƙima, shi kuma na goshin ya yi sanyi. Kinga kenan maigida ya san sarai nokawut ne, sanin ne yake zuwa a makare, jiki ya riga ya koma ranar kasuwa.

Masu cewa rashin tawakkali, su nake so ki karanta wa wannan. Akwai wani sashen ƙwaƙwalwar, hifokamfas, mai tantance abu ya faru yaushe kuma a ina. A 1995 wani likita Douglas Bremner da abokan aikinsa suka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI suka ga na tsofaffin sojoji masu ciwon ya ɗan fi na sauran ƙanƙanta, kowa ya ɗauka tashin hankalin ne ya cinye shi. Sai a 2002 wani mai bincike Mark Gilbertson ya duba tagwaye 'yan kama ɗaya, ɗaya ya je yaƙi ɗaya bai je ba, abin mamaki wanda ya zauna a gida shima nasa ƙarami ne in ɗan'uwan na da ciwon mai tsanani. Ma'ana wasu tun asali haka halittarsu take, abin ya fi saurin kama su. Shi ya sa mutum biyu za su tsaya wuri ɗaya bom ya tashi, ɗaya ya buɗe shago bayan sallah ɗaya ya kasa, kuma ba lallai wancan ya fi wannan sallar dare ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ma, kusan kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da mummunan tashin hankali a rayuwa, amma a cikinsu wajen kashi 5.6 ne ciwon ke kamawa.

Gudun kasuwar nan da yake yi, duk da yana ba shi sauƙi, shi ke raya ciwon, don ƙwaƙwalwa ba ta goge tsoro, sabon karatu take ɗorawa a kai cewa yanzu lafiya lau, kuma ba za ta koya ba in kullum ana kauce wa wurin. Amma dan Allah kar ku ja shi kasuwa da ƙarfi, ƙwararre ne ke yin wannan a hankali mataki mataki, ta zama da hira har mutum ya iya ba da labarin ranar daga farko zuwa ƙarshe. Akwai wata hanyar ma, EMDR, da ake haɗa tuna abin da motsa idanu. Shekarun da aka ɗauka ba su hana a samu sauƙi. In ta kama a haɗa da magani akwai magungunan damuwa irin su sataralin, likita zai rubuta.

Valium ɗin nan kuwa ban ji daɗinsa ba sam. Ba ya warkar da wannan ciwon, jiki kuma na sabawa da shi har ya zama wata matsalar daban, tun 2013 hukumar lafiyar ta ja kunne kan ba da irinsa ga wanda ya shiga tashin hankali. Sai dai in ya daɗe yana sha kar ya yanke lokaci ɗaya, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai rage masa a hankali.

Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ku nemi ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, ki tafi da kwalin maganin. Addu'a a ci gaba, ba ta hana asibiti. In kin san jin sunan ɓangaren zai sa ya tubure, ki ce masa maganar rashin barci za ku je, ai ba ƙarya kika yi ba, ko ki samu yayansa ko aminin da yake jin nauyi ya raka shi. In kuwa kika ji ya fara zancen ya gaji da duniya, ranar za ku tafi, kar ki jira gari ya waye.