Amsa: Rage tsayin Sienna saboda keken guragu

Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce bakanikenka yana so ya yanke sifirin ɗin Sienna don ta sauko, keken Baba ya riƙa shiga da sauƙi. Don Allah kada ka yarda. Sifirin da aka yanke ba ya ɗaukar nauyi yadda ya kamata, shokazoba za ta mutu da wuri, gindin motar kuma ya yi ta dukan ramuka da tudun rage gudu. Duk jijjigar nan a bayan Baba za ta ƙare.

Kamfanonin da ke gyara motoci don masu keken guragu, irin su BraunAbility a Amurka, daɓen motar suke saukarwa, wajen inci 10, su sauya wa salansa hanya, sannan su ɗan ɗaga jikin motar. Wasu motocin suna da na'urar da ke sa su durƙusa idan sun tsaya kawai.

A nan gida, mafi sauƙi shi ne doguwar gangara ta alminiyam mai naɗewa, ta ƙofar baya. Tsawonta ne ke rage wahalar turi. In keken mai batir ne, yana iya wuce kilo 100, sai ka duba iyakar nauyin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. A ɗaure keken ta kusurwa huɗu, shi ma Baba da nasa bel daban.